Kafin ka sayi fitilar sola don allon shagonka a New York, karanta wannan

Jiya da magariba na bi ta gaban shagon wani ƙanenmu da bai fi wata huɗu da buɗewa ba, na tarar da shi a kan tsani riƙe da injin huda bango, ga kwalin fitilun sola guda biyu a ƙasa ko ledar ba a gama cirewa ba. Na ce masa sauko, ya ce Yaya ai saura kusa ɗaya, na ce sauko dai tukuna. Shi ne mutum na uku bana da na gani yana shirin wannan aika-aikar, kuma abin haushin shi ne ni ma haka na yi lokacin da na buɗe nawa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta da maimaitawa a ƙofar masallaci.

Ba zan tsaya kan yadda ake samun shago ba, wannan jama'armu sun riga sun ƙware. Mutum zai zo Bronx da jaka ɗaya, ya yi shekara biyar yana tuƙin tasi ko kai saƙon abinci a keke cikin sanyin nan, ya shiga adashi, 'yan Kumasi da 'yan Nima da 'yan Yamai da mu 'yan Kano kowa ya tallafa, sai ka ga ya buɗe wajen sayar da garin tuwo da kuka da daddawa da manja, ko shagon ɗinki, matanmu kuma wajen kitso. Wallahi ina alfahari da wannan. Rajistar suna da lambar haraji da asusun banki duk akwai waɗanda za su raka ka a yi a sati biyu. Inda ake faɗuwa shi ne ƙananan abubuwan da mutum yake ganin ai ba sai ya tambaya ba, irin su allon shago da hasken da za a sa masa.

Mu daga gida mun taso da tunanin sola ita ce mafita, saboda NEPA ba ta da tabbas, ga rana Allah ya hore mana har ta yi yawa. Toh nan an juya maka lissafin gaba ɗaya, wuta ba ta ɗaukewa sai wani babban abu ya faru, rana ce take ɗaukewa. A Kano tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bambancin bai kai awa biyu ba. A New York ranar 21 ga Disamba yinin gaba ɗaya awa 9 ne da kwata, daren kusan awa 15, kuma tun da aka mayar da agogo baya a Lahadin farko ta Nuwamba za ka ga ƙarfe huɗu da rabi na yamma rana ta faɗi, ka yi la'asar ka juya sai magariba. Ranar ma ba ta hawa sama yadda ka sani, tsakar rana a Disamba digiri 26 kawai take ɗagowa daga ƙasa, a Kano kuwa a wannan lokacin tana sama da digiri 50. Ke nan duk wani bene mai hawa biyar ko shida da ke tsallaken titi inuwarsa tana kan fanel ɗinka, in kuma shagonka yana ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa lamba 4 a Jerome Avenue to ka ma manta, wajen ko a watan Yuni rana leƙowa take yi ta wuce.

Ga lissafin da ban yi ba sai da na yi asara. Yawancin ƙananan fitilun nan da ake sayarwa a intanet batir ɗaya ne a cikinsu, irin mai lamba 18650, bolt 3.7, wajen mAh 2,000, wato ƙarfin da yake riƙewa bai wuce ya ba da wat 7 da ɗan abu na awa ɗaya ba. In fitilar tana cin wat 2 ka ga ko awa huɗu ba za ta yi ba, shi ma in batirin ya cika maƙil. Ta kama da kanta huɗu da rabi, kafin takwas ta fara lumshewa kamar aci-balbal da mai ya ƙare, kai kuma sai goma za ka rufe, kuma lokacin da mutane suke dawowa daga aiki suna neman inda za su sayi kayan miya shi ne daidai lokacin da allonka ya koma duhu. A hunturu batirin ma ba ya cika, kwana uku a jere sai a yi hadari ya rufe gari ba rana, dusar ƙanƙara ta kwanta a kan fanel, tattabarun garin nan su ƙarasa sauran da kashinsu. Sannan batirin litiyam ba ya son a yi masa caji in sanyi ya sauka ƙasa da sifili, wato ya kai inda ruwa yake daskarewa, lalacewa yake yi a hankali, zuwa watan Maris sai ka ga ya zama gawa. Rubutun da ke jikin kwalin mai cewa awa 12 tana ci, a ƙaramin haske suke nufi, wanda ko lambar wayarka ba za a iya karantawa da shi ba.

Wani abin dariya, nawa na farko ma ƙin kamawa suka yi kwata-kwata, na yi ta zagin kamfanin ina cewa jabu suka aiko min. Ashe fanel ɗin shi ne idon fitilar, in ya daina ganin haske sai ta san dare ya yi ta kunna, ni kuma na kafa shi daidai ƙarƙashin fitilar titi, ita a ganinta har asuba rana ce. Sai da wani yaro ya hau ya rufe fanel ɗin da tafin hannunsa ta kawo haske nan take, kunya ta kama ni. Kuma don Allah kada ka sayi mai kamawa sai mutum ya gifta, wannan ta bayan gida ce ko lungu, allo so ake a hango shi daga nesa.

Amma duk wannan wasa ne, dala hamsin ko sittin ce ta tafi, ka yi tsaki ka wuce. Abin da ya hana ni barci mai ginin ne da takardu.

Ni abin da ya ja ni ga sola shi ne na ji an ce in za ka jawo waya zuwa waje sai ka kira mai gyaran wuta mai lasisi kuma sai an ciro famit, wato takardar izini daga hukuma, na ce toh ai sola ba waya, ba ruwana da kowa. Na hau da kaina ranar Lahadi na huda bulo wuri takwas, huɗu na fitilu huɗu na fanel, har na ɗan hau sama kusa da tagar mutanen da ke hawa na biyu don in samu rana. Bayan sati uku sai ga wasiƙa daga lauyan mai ginin, wai na karya yarjejeniyar haya, an ba ni kwana goma in gyara. Na ɗauko takardar hayar, shafi kusan arba'in, wadda na sa wa hannu ban karanta komai ba sai kuɗin wata da ranar biya, sai ga shi ƙarara a ciki: ba allo, ba fitila, ba rumfa, ba kusa ko ɗaya a fuskar ginin sai da izininsa a rubuce. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne cikin shagon kawai na kama haya, bangon waje nasa ne, kuma ko a baki ya ce maka je ka yi, in ba a rubuce ba to bai faɗa ba. Ni kuwa mai kula da ginin na tambaya, ya ɗaga kafaɗa ya ce ba matsala, na ɗauka shikenan, yadda a gida in mai unguwa ya gyaɗa kai magana ta ƙare. Ranar da aka zauna mutumin nan cewa ya yi bai ma tuna mun yi maganar ba.

Daga nan abu ya yi ta tsiro. Matar da ke sama ta ce haske yana shiga ɗakinta, wanda ni na san fitilar da ko allona ba ta iya haskawa ba za ta hana kowa barci ba, amma wa zai saurare ka. Aka yi ruwa mai ƙarfi bangon ciki ya yi danshi, mai ginin ya ce ta ramukana ruwan ya shiga, ko ta nan ne ko tsohuwar tsaga ce Allah masani, ni dai ba ni da hoton bangon kafin in taɓa shi, don haka ba ni da bakin magana. Ya kawo masu gyaransa, ya cire kuɗin daga difozit ɗina, sannan ya ce in cike giɓin difozit ɗin cikin wata ɗaya, don haka ma yana rubuce a takardar. Har kuɗin lauyan da ya rubuto min wasiƙar ni na biya. Kuɗin adashin da na ɗauka don in cika shago da kaya kafin azumi, rabinsa a nan ya tafi, maiɗakina ta yi wata ba ta daina tuna min ba, kuma tana da gaskiya.

Ana cikin haka na gano wani abin, allon kansa da na gada daga wanda ya riga ni a shagon, na sa aka liƙa sunana a kai, ashe bai taɓa samun famit ba. Ga yadda dokar take, ka riƙe. Hukumar gine-gine ta birnin, wadda za ka ji ana ce wa DOB, ba ta neman famit in allon bai wuce murabba'in ƙafa 6 ba kuma ba shi da haske, misali ƙafa 2 da ƙafa 3, ko in fenti ne aka yi a jikin bango kai tsaye. Duk allon gaban shago da ka sani ya fi haka girma. Kuma a dokar tsara unguwanni allo mai haske ba sai wanda ƙwai yake cikinsa ba, wanda aka haska daga waje ma yana ciki, dokar ba ta tambaya ko wutar daga kamfanin wuta na Con Edison ta zo ko daga rana. A unguwanni da yawa girman da aka yarda wa allo mai haske bai kai na mara haske ba, ke nan da ƙaramar fitilarka kana iya mayar da allon da yake daidai ya koma laifi. In kuma ginin yana cikin unguwar da aka keɓe ta tarihi, kamar wani ɓangare na Grand Concourse, akwai wata hukumar daban da sai ita ma ta yarda.

Waɗanda suka daɗe za su tuna 2018, lokacin da aka yi ta kiran lamba 311 ana kai ƙarar allunan shaguna, musamman a Brooklyn da Queens, ana zuba wa mutane tarar dala 6,000 wasu ma fiye, har masu shaguna suka riƙa sauke allunansu da dare, ka bi titi guda ka ga shaguna tsirara ba suna. Sai a Janairun 2019 majalisar birnin ta yi dokar da ta dakatar da tarar na shekara biyu, daga baya aka ƙara wa'adi. Har yau akwai masu zama a majalisar hira suna cewa ai an soke dokar allo, ba a soke ba malam, sassauci aka yi, kuma duk wanda ya ga dama zai iya ɗaga waya ya kira 311 ba tare da ya faɗi sunansa ba. Sammacin yawanci mai ginin ake rubuta wa, shi kuma ya juyo da shi kanka saboda takardar haya ta ce duk tarar da ta taso daga shagonka taka ce. In ya zo da ranar zama a OATH, kotun da ke sauraron sammacin hukumomin birnin, kada ka jefa shi a durowa ka ce Allah ya kyauta, rashin zuwa shi ke ninka kuɗin.

Ni dai a ƙarshe abin da na guje wa shi na dawo na yi. Na samu kamfanin allo mai lasisi suka ciro famit, mai ginin ya sa hannu, mai wuta ya jawo waya daga cikin shago ya sa fitilun LED biyu masu dogon wuya suna hasko allon daga sama, da agogon da ke kunna su ya kashe. Su biyun wat 20 suke ci, awa shida kullum a wata kilowat-awa 3.6 ke nan, ko kuɗin shayi da burodi na safe ɗaya bai kai ba. Wannan shi ne kuɗin wutar da na so in tsere wa. Hukumar ƙananan sana'o'i ta birnin, SBS, tana da shirin da lauyoyi suke duba wa masu ƙananan shaguna takardar haya kyauta in ka cika sharuɗɗansu, da na san da shi da ban sa hannu a makance ba, amma mutanenmu sun fi yarda da wani ya ce min wani ya ce masa.

Ba cewa nake sola ba ta da amfani a ƙasar nan ba. 'Yan'uwanmu da ke Greensboro ko Columbus masu filin sayar da motoci ko gareji, allo yana can bakin titi nesa da gini, jawo waya sai an fasa kwalta, su kam ta yi musu, bayan sun tambayi ofishin garinsu da mai filin. In haka ne ka sayi wadda fanel ɗinta yake daban da doguwar waya, babba, batirin ya isa kwana uku ba rana, a jiki ka ga an rubuta IP65 saboda ruwa, kusoshi kuma waɗanda ba sa tsatsa don gishirin da ake watsawa a titi yana cin ƙarfe. Ka karkata fanel ɗin sosai ya kusa miƙewa tsaye don ƙanƙara ta zame, ya fuskanci kudu. Kuma kada ka nemo kudu da alƙibla yadda muke yi a gida ka ce hannun damana ne, nan alƙibla arewa maso gabas take, ka buɗe kamfas ɗin wayarka.

Ƙanen nawa dai ya sauko, yana ta ƙunƙuni wai ya riga ya biya kuɗi, na ce ya mayar musu tunda kwalin bai yage ba, ramuka ukun da ya riga ya huda kuma mu je tare mu gaya wa mai ginin kafin shi ya gani da kansa, sannan ya zo min da takardar hayarsa ranar Juma'a bayan an sauko mu karanta ta shafi-shafi. Nawa fitilun na canza musu batir na ba wani mai tafiya gida, yanzu haka suna tsakar gidan Hajiyarmu a Fagge, ta ce har ta tashi sallar asuba suna ci.