Kurakuran da ke kashe tsohon filen na katako wajen gyara

Tsohon filen na katako, wato abin goge allo ya yi sumul, da kafinta ya gada, ko ya tsinta wajen 'yan gwanjo a Tsohuwar Kasuwa, sau da yawa ba tsufa ke kashe shi ba, hannun mai gyara ne. Galibinsu daga Ingila suka zo, da ƙarfen yanka na garin Sheffield, wasu har da tambarin kamfanin Marples, kuma in an bi su a hankali suna komawa aiki.

Ɓarnar farko tana faruwa tun wajen kwancewa. Mutum ya ɗauki gudumar ƙarfe ya yi ta bugun madannin katakon da ke riƙe ƙarfen hagu da dama don ya fito, sai kunnuwansa su karye. Da gudumar katako ake buga gindin filen ɗin, wato bayansa. In dogo ne a bugi samansa ta gaba. Girgizar ce ke sassauta madannin. Kada kuma a jefar da madannin don ya yi baƙi, domin an sassaƙa shi ne daidai da ramin da yake zama a ciki.

Wanda ya fi damuna shi ne abin da bushewar Sakkwato ke yi. An ƙera waɗannan kayan a ƙasa mai laima. Idan hunturu ya kama, katakon yana tsukewa ta faɗi, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake, sai gefunan ramin su shaƙe shi. Mai gaggawa ya doka shi da ƙarfi, kumatun filen su tsage, kuma tsagar wurin nan da wuya gam ya riƙe ta. Duba da kyau: in ƙarfen ba ya ɗan motsawa hagu da dama, rage gefensa kaɗan a dutse har ya sami sarari. Shi ya sa nake ganin lokacin hunturu ya fi dacewa da wannan gyara, tun da katakon ya gama tsukewarsa. In za a ajiye filen ya daɗe, a sassauta madannin, kuma kada a bar shi cikin zafin ranar Afrilu a ƙofar shago.

Wasu kuma sukan wanke shi da ruwa da omo, ko su tsoma shi a baƙin mai. Ruwa na murɗe katako, baƙin mai na ɓata duk allon da aka goga. Tsumma da ɗan kananzir sun isa cire datti, sannan a shafa man linsid sama-sama a goge. Man gyaɗa yana yin danƙo da wari.

Sai wasa ƙarfe. Ana kai shi ga injin wasa a danna har bakin ya koma shuɗi, wannan wurin ya ƙone ke nan, ba zai ƙara riƙe kaifi ba. A riƙa tsoma shi a ruwa, a tsaya wajen kusurwar digiri 25, a ƙarasa da dutse. Yawancin tsofaffin nan ƙarfe mai tauri siriri ne da aka liƙa a bakin mai laushi, don haka ba a cinye shi a banza. A daidaita bayansa ya kwanta sumul, a sa ƙarfe na biyu, wato wanda ake ɗaurawa a kan mai kaifin, kamar milimita 1 daga kaifi.

Wajen daidaita ƙasan filen, a manna sanfefa a kan gilashi mai kauri, a bar ƙarfe da madanni a ɗaure amma an ja kaifin ciki, saboda matsinsu yana ɗan lanƙwasa jikin. Zana layukan fensir, ka goga har su ɓace, ka tsaya nan. Kowace gugar ƙari tana buɗe bakin ramin da kaifin ke leƙowa, kuma baki mai faɗi yana yagar katakon madaci. In ya riga ya buɗe, sassaƙa gurbi a gaban bakin ka dasa guntun ƙirya da gam, ka goge shi ya yi daidai da ƙasan.