Tsara layin faɗa a wasan Dungeons & Dragons

'Yan uwa masu wasa a fada nan Damagaram, a wannan wasa na labari da kowa ke riƙe da gwarzonsa, da faɗa ya tashi cikin labarin kowa ya jefa ƙwaya mai fuska 20 sau ɗaya, ya ƙara makin zafin naman gwarzonsa, don a san wa zai fara da wa zai biyo. Jagora, wato mai ba da labarin kuma mai riƙe da dodanni, ya rubuta sunaye a guntayen kwali, ya jera daga mai babban maki zuwa mai ƙarami inda kowa ke gani.

Dodanni iri ɗaya jifa ɗaya ta ishe su. In kowanne da tasa, guda 8 sai shayi ya huce layi bai zagayo ba. In makin 'yan wasan ya zo ɗaya, su sasanta.

Zagaye, wato kowa a layi ya yi nasa sau ɗaya, daƙiƙa 6 ne cikin labari, don haka mai dogon tunani a ba shi minti ɗaya, in ya wuce gwarzonsa ya tsaya kare kai. Jagora ya riƙa sanar da na gaba ya shirya.