Kurakuran da ke ɓata bayanan wurare a PostGIS

Masu tattara bayanan rijiyoyi, gonaki da ɗakunan shan magani a jihar Maraɗi galibi da GPS na waya suke ɗaukar wuri, sannan su zuba cikin rumbun bayanai na PostgreSQL mai PostGIS, wato ƙarin da ke sarrafa bayanan wurare. Abin da ke damuna shi ne rumbun ba ya ƙorafi idan an ba shi lamba a karkace. Amsa zai bayar, a gina aiki a kanta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne juya lambobi. Waya kan fara nuna ta arewa, sannan ta gabas: Maraɗi na wajen digiri 13.5 arewa, 7.1 gabas. Shi kuwa ST_MakePoint, umarnin da ke mayar da lambobin zuwa ɗigon wuri, ta gabas yake so a fara ba shi. Wanda ya kwafa yadda ya gani, rijiyarsa za ta faɗa kusa da Ngaundere a Kamaru. Buɗe ƴan wurare a manhajar taswira ta QGIS ka gani da idonka; in sun juye, ST_FlipCoordinates zai mayar da su.

Sai batun nisa. Idan bayananka nau'in geometry ne a SRID 4326 (lambar tsarin auna wuri da digiri irin na GPS), ST_Distance mai auna nisa da digiri yake amsawa, ba da mita ba. Ka ga 0.1 ka ɗauka asibiti na bakin ƙofa, alhali kusan kilomita 11 ne, tafiya mai nisa ga mai naƙuda a amalanke. Ko dai ka koma nau'in geography mai lissafi da mita, ko ka yi ST_Transform zuwa 32632, wato shiyya ta 32 arewa a tsarin UTM mai auna wuri da mita, wadda ta kama daga digiri 6 zuwa 12 gabas. Maraɗi, Tasawa da Madarunfa duk suna ciki. Yamai tana shiyya ta 31, don haka kada ka ari lambar abokin aikinka na can. ST_SetSRID kuma laƙabi kawai yake sauyawa, lambobin suna nan yadda suke.

Alamar && wajen gano ko siffofi biyu sun haɗu, akwatin da ya kewaye siffa take dubawa, ba siffar kanta ba. Doguwar gona da ta bi lanƙwasar Gulbi, akwatinta zai haɗiye gonakin maƙwabta. In haɗuwa ta haƙiƙa kake nema, ST_Intersects ne.

Idan bincike na jan ƙafa, duba ko akwai fihirisar GiST mai hanzarta neman wurare, ka kuma sa ST_DWithin, mai zaɓo abin da ke cikin wani nisa, a maimakon auna ST_Distance a kowane layi.