Yadda za a kula da maƙoshi da matsayin siliniyom a cikin abinci

Kafin sankara ta kama maƙoshi, wato hanyar da abinci ke bi zuwa ciki, ƙwayoyin fatar cikinsa sukan fara sauya kama sannu a hankali, ba zafi ba wata alama. Siliniyom na cikin abubuwan da masana suka daɗe suna dubawa game da wannan sauyi. Sinadari ne da baligi ke buƙatar kimanin maikirogiram 55 nasa a rana (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), kuma yana taimaka wa ƙwayoyin jiki wajen kare kansu daga lalacewa.

Matakin farko shi ne a nemi siliniyom a tukunya. Kifi na kan gaba, kuma mu mazauna Garwa da Marwa ba mu da uzuri, tunda ga na tafkin Lagdo ga na tafkin Maga a kasuwa. Bayansa sai ƙwai da nama da hanta da ƙoda. Dawa, gero da masara ma suna ɗauke da shi, sai dai yawansa ya dogara da ƙasar da aka noma su, don haka gidan da tuwo da miyar kuka kaɗai ake ci ya kamata ya riƙa sa kifi a miya, ko da busasshe ne.

Kada a sayi ƙwayar siliniyom a kantin magani ba da umarnin likita ba. A Linxian ta ƙasar Sin, inda aka yi gwaji kan mutum kusan 30,000 daga 1986 zuwa 1991, an ga cewa masu ƙarancinsa a jini sun fi kamuwa da sankarar maƙoshi. Amma wani bincike da aka wallafa a 2017 daga yammacin Kenya ya nuna akasin haka, domin waɗanda siliniyom ya fi yawa a jininsu su ne aka fi samu da sauyin farko. A ganina wannan saɓani ya isa ya hana mutum gaggawa, balle ma siliniyom idan ya wuce maikirogiram 400 a rana yana iya zubar da gashi, ya lalata farce, ya sa numfashi warin tafarnuwa.

Shayi ne inda yawancinmu ke sakaci. A 2016 hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa ta bayyana cewa abin sha da zafinsa ya haura digiri 65 mai yiwuwa ne yana jawo wannan cuta. A bar shayi da kunu da koko su huce na 'yan mintoci kafin a kurɓa. Taba da barasa kuwa, har da bilbil, wato giyar dawa, haɗarinsu tabbatacce ne, kuma ya fi muni idan aka haɗa su.

Wanda abinci ya fara tsaya masa a ƙirji, ko yake rama ba dalili, ya tafi asibiti ya nemi a leƙa maƙoshinsa da na'ura mai kyamara. Likita kan fesa ruwan aidin a ciki, sai lafiyayyen wuri ya yi duhu, wurin da ya sauya kuma ya zauna fari-fari, daga nan a ɗebi ɗan tsoka a kai ɗakin gwaji. Idan aka gano sauyin da wuri, ana iya cire shi ta cikin na'urar ba tare da an tsaga jiki ba.