Yadda ake tsara structure a Forth ba tare da fili ya karkace ba

To jama'a, masu taɓa Forth (yaren shirya manhajar kwamfuta da Chuck Moore ya ƙirƙiro wajajen 1970) kun san komai a kan sitak (stack, tulin da ake ɗora lambobi ana ɗaukar na sama) yake tafiya, har structure ɗin ma, wato tara bayanai masu alaƙa wuri ɗaya fili-fili, lissafi ne kawai. Kowane fili da ka bayyana aikinsa ɗaya, ya karɓi adireshi daga sitak ya ƙara masa nisan filin ya mayar maka, shi kenan. Forth-2012, wato ƙa'idar yaren, ya kawo kalmomin da za su yi maka wannan, Gforth (manhajar Forth ta GNU) ma yana da su. Ga misali na ɗalibi:

begin-structure dalibi
cfield: d.aji
field: d.lamba
21 +field d.suna
aligned
end-structure

A kwamfuta mai 64-bit, cell (girman lamba ɗaya a sitak) bayit 8 ne. d.aji ya ci bayit 1 a wuri na 0, amma d.lamba ba zai zauna a 1 ba, domin field: yana daidaita kansa, wato yana zama ne a wurin da girman cell ke rabawa, sai ya tsallake zuwa 8, bayit 7 na tsakiya su tafi a banza. Rubuta 0 d.lamba . ka gani da idonka, 8 zai fito. +field kuwa babu ruwansa da daidaitawa, inda ya tarar da kai nan zai zauna, wato d.suna mai bayit 21 zai fara a 16, ya ƙare a 37.

Wannan aligned ɗin na ƙarshe shi nake roƙonku kar ku manta, don end-structure ba ya cike maka girman da kansa. In babu shi girman 37 ne, da shi 40. Ɗalibi ɗaya ba za ka ga matsala ba, amma ranar da ka yi create ajinmu dalibi 30 * allot don ware wurin ɗalibai 30, ɗalibi na biyu zai fara daga 37, filin lambarsa ya faɗa a wuri na 45, wanda 8 ba ta raba shi. Injin x86 (na kwamfutocin PC) zai haƙura ya karanta, amma ƙaramin guntu irin Cortex-M0 (cell ɗinsa bayit 4) da ka yi @ (kalmar karanta cell) a adireshin da bai daidaita ba sai HardFault, wato kuskuren da ke katse shirin, allo ya tsaya cak kana ta neman laifi a wani wuri daban.

Wajen amfani kuma, create d1 dalibi allot, sannan 77 d1 d.lamba ! don ajiye lamba, 3 d1 d.aji c! don aji. Ni dai na fi son sa manyan filaye a sama, ƙananan cfield: a ƙasa, gibin sai ya ragu.