Kafin ka saya wa na'urar jirginka katin taswirar ruwa

Abu na farko dai, tun kafin ka fara tambayar wace taswira ce ta fi kyau, je ka leƙa na'urar da ke jirginka ka rubuta sunan kamfanin da lambar samfurinta a takarda. Ita wannan na'urar da ake cewa catfulota allo ce kawai da GPS, ta san inda kake amma ba ta san abin da ke ƙarƙashinka ba sai ka sa mata taswira, kuma ba kowane kati take karantawa ba. Raymarine suna da nasu LightHouse, Simrad da Lowrance da B&G gida ɗaya suke da C-MAP, Humminbird suna da LakeMaster na tabkuna, su kuwa Garmin sai nasu. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami, domin Garmin sun sayi kamfanin taswirar ruwa na Navionics tun 2017, sai mutum ya ɗauka ai duk katin da aka rubuta Navionics zai hau kan Garmin. Ina! Wanda aka rubuta Navionics+ kawai na sauran na'urori ne, na Garmin shi ne Garmin Navionics+, kalma ɗaya ce ta raba su amma in ka kuskure ka sayo abin da ba zai buɗe ba. Kowane kamfani yana da jerin na'urorin da katinsa ke aiki a kai, nemi lambarka a ciki da idonka, kar ka tsaya ga "ai zai yi" na mai sayarwa. Ka kuma duba ramin katin, na yanzu microSD ne, tsoffi kuwa akwai masu cin CompactFlash.

Toh sai maganar rasta da bekta, wato iri biyu na taswirar allo. Rasta hoton taswirar takarda ce aka ɗauka aka zuba a allo, in ka matso da ita sosai rubutun ya kumbura ya dushe, babu wani sabon abu da zai fito. Bekta kuwa bayanai ne hawa-hawa, ka taɓa alamar fitilar da ke yi wa jirage jagora ta gaya maka launinta da yadda take ƙiftawa, ka sa ta yi maka ƙara in ka doshi ruwa mara zurfi, ka juya taswirar rubutun ya tsaya daidai. Yau kusan duk abin da za ka samu a kati bekta ce, har hukumar NOAA mai fitar da taswirorin teku a Amurka ta sanar a 2019 cewa za ta daina rasta da ta takarda, kuma ta kammala janye su a ƙarshen 2024. Saboda haka ba wani dogon zaɓi a nan.

Amma bekta tana da wani hali da ya kamata ka sani, tana ɓoye abubuwa in ka ja da baya don ka ga faɗin teku. Ranar 29 ga Nuwamba 2014 jirgin tsere na Team Vestas Wind ya hau kan duwatsun Cargados Carajos a tekun Indiya, arewa maso gabas da Maurishiyus, cikin dare, da ƙwararru tara a ciki da kayan aiki na gani na faɗa. Duwatsun suna cikin taswirar, sai dai a girman da ake kallonta ba su fito ba, sai an matso ciki. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba. Shi ya sa ni in ina gwada taswira nake zaɓar wani wuri da na san akwai dutse ko tudun yashi, in riƙa ja da baya a hankali in ga a wane mataki zai ɓace, wadda ta fi daɗewa tana nuna min haɗarin ita ce tawa.

Wani abin kuma, kyan launi daban, ingancin awo daban. Duk waɗannan kamfanonin mafi yawan bayanansu daga hukumomin awon teku na ƙasashe suke samowa, irin su NOAA da ofishin Ingila mai fitar da taswirorin Admiralty, to in awon wurin tsoho ne, tun zamanin da ake jefa igiya da darma a auna zurfi, ko an yi masa ado da 3D da hoton tauraron ɗan adam tsohon awon ne dai a ƙasa. A taswirorin hukuma akwai alamar amincin awo, daga A1 mafi inganci zuwa A2, B, C, D, sai U wanda ba a tantance ba, kuma a matakin C abu zai iya kaucewa daga inda aka zana shi da har mita 500. A Janairun 2013 jirgin sojan ruwan Amurka USS Guardian ya maƙale a duwatsun murjani na Tubbataha a tekun Filifin, taswirar da yake bi ta ajiye murjanin kusan mil 8 na teku daga ainihin wurinsa, ƙarshe sai yanka jirgin aka yi gunduwa-gunduwa aka kwashe.

Don haka tambayar da ta fi amfani ita ce wace taswira ta fi sanin ruwan da kake shiga, ba wace ta fi suna ba. Akwai gaɓar da C-MAP ta fi cika, akwai inda Navionics ta fi, kuma masu kamun kifi da matuƙan da suka daɗe a wurin sun fi kowace talla sanin wannan. Buɗe taswirar a waya ko a shafin kamfanin ka duba mashigar da ka sani kamar tafin hannunka, in ta yi maka ƙarya a inda ka sani to ka san sauran. Ka lura da iyakar yankin katin ma, kar gefensa ya faɗo daidai tsakiyar hanyar da kake bi kullum, kuma in kogi ko tabki kake shiga ka tabbata yana ciki, ba kowane katin gaɓar teku ke ɗauke da su ba.

Katuna masu tsada suna zuwa da inuwar ƙasan teku da hotunan tashoshi daga sama. Mai neman kifi zai more su, yana ganin kwari da tudu inda kifi ke taruwa, amma mai yawo daga tasha zuwa tasha gaskiya kati mai sauƙin kuɗi ya ishe shi, kuma tsohuwar na'ura nauyin hotunan na sa ta riƙa jan ƙafa. Su kuma layukan zurfi da ake haɗawa daga sonar ɗin jama'a, wato na'urar auna zurfi da ke jiragensu, irin SonarChart, suna da daɗi wajen kamun kifi, sai dai ba awon hukuma ba ne, kar ka ratsa ƙunƙuntar mashiga da su kaɗai.

Sabuntawa fa? Yashi yana tafiya, ana matsar da alamomin kan ruwa, jirage suna nutsewa a inda da babu komai. Yawanci katin yana zuwa da shekara ɗaya ta sabuntawa, bayan nan taswirar ba ta mutuwa, tana nan tana aiki, sabon bayani ne kawai zai daina shigowa sai ka sake biya. Kuma don Allah kar ka yi wa katin fomat ko ka zuba hotuna a ciki, lasisin a jikin katin yake.

In ka sa shi, shiga saiti ka ga da me ake nuna zurfi, mita ne ko ƙafa ko fatom, domin fatom ɗaya ƙafa 6 ne, wanda ya rikita su zai sha mamaki. Ka saka zurfin da jirginka ke ci a ruwa ka ƙara masa rara, ka tabbata na'urar tana kan WGS84, wato tsarin lissafin wuri da GPS ke amfani da shi. Sannan tun jirgin yana ɗaure a tasha kalli allon, in ya nuna ka a gefen gadar da kake to madalla, in kuwa ya ajiye ka a kan tudu cikin motoci, kar ka kwance igiya sai ka gano dalili.