Yadda Ake Tantance Dankali da Rubuta Masa Suna a Kanti

Mai kantin da ya rubuta "dankali" kawai a jikin kwando bai taimaki mai saye ba, domin kalmar ta haɗa dankalin Hausa mai zaƙi da dankalin Turawa, shi kuma na Turawan iri-iri ne, kowanne da girkin da ya fi karɓarsa.

Aikin yana farawa ne tun wajen sari. Mafi yawan dankalin Turawan da ake ci a Najeriya daga Jihar Filato yake fitowa, musamman Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, kuma manoman can sun san abin da suka shuka da sunansa, kamar Nicola da Marabel da Diamant. Ka tambayi dillali sunan irin tun kafin a ɗora kaya a mota, ka rubuta shi a jikin buhu, domin da zarar buhuna sun cakuɗe a sito, ido kaɗai ba zai raba maka su ba.

Idan kaya ya iso, ka ɗebi 'yan ƙwayoyi daga sama da tsakiyar kowane buhu, ka wanke, ka dubi siffa da launin ɓawo da zurfin idanun, sannan ka yanka guda ka ga cikinsa. Nicola yakan zo da ɗan tsawo, ɓawonsa sumul, cikinsa rawaya. Gwajin da na fi yarda da shi dai shi ne na tukunya. Ka dafa biyu da ɓawonsu: wanda ya nuna bai farfashe ba, wuƙa ta ratsa shi ya tsaya a dunƙule, na salak da miya ne, wanda ya tsattsage ya yi gari-gari shi ya fi kyau da suya da fate. Duk ƙwayar da ta yi kore saboda haske ya taɓa ta, ko ta fara tsiro, ka fitar da ita, domin a irin wannan wurin ne guba mai ɗaci take taruwa.

A kan ɗan kwalin da za ka maƙala, ka rubuta sunan iri, da inda ya fito, da ranar da ya shigo, da farashin kilo, da girkin da ya dace da shi, da manyan baƙaƙe. Idan ba ka tabbatar da sunan ba, "dankalin Jos, na suya" ya wadatar, kuma ya fi sunan ƙarya mutunci.

Haka za ka yi wa albasa, ka bambanta 'yar Galmi ta Nijar da 'yar Aliero ta Kebbi. 'Ya'yan itacen da ake shigowa da su daga waje kuwa sukan zo da ɗan tambari mai lambobi huɗu, kamar 4011 na ayaba, idan kuma lambobin biyar ne kuma sun fara da 9, an noma su ne ba da takin zamani ba, sai ka ware musu kwando da farashinsu daban.